Ko Ana Tambayar Mai Jin Yunwa Halinsa? Matsalar Ɗan Daudu A Takardar Rabon Tallafi

Matsalar da na kawo muku wannan mako ta daɗe a hannuna ina jinkirta ta, domin na san tana cikin irin maganganun da in malami ya taɓa su sai wasu su ce ya karkace, wasu kuma su ce bai waye ba. Amma wanda ya kawo mini ita tun farko ya sake aiko mini da takarda kwanan baya, ya ce yanzu shi ma an ba shi ɗalibai yana koyar da su, yana so in rubuta abin da na faɗa masa da baki domin ya karanta musu. Alkawari kuwa kaya ne.

Masu karatu ba su manta da shekarar 2020 ba. Ran 27 ga watan Fabrairu aka sami mutum na farko mai cutar korona a Legas. Kafin watan Maris ya ƙare an rufe makarantun ƙasar nan duka. Ran 11 ga Afrilu cutar ta bayyana a Kano, ran 16 ga wata aka kafa dokar kulle, ran 24 kuma aka ɗauki azumi, kasuwanni da tashoshin mota da masallatan Juma'a duk a rufe. A cikin goman farko na azumin nan, a ɗaya daga cikin ranakun da aka sassauta dokar domin jama'a su yi cefane, wani tsohon ɗalibina ya yi mini sallama a zaure.

Yaron ya yi Larabci a hannuna a sakandare, sa'an nan ya wuce wata babbar makaranta yana koyon aikin jin daɗin jama'a. Ga wanda bai san wannan sana'a ba, su ne ma'aikatan nan da ake kai wa jaririn da aka tsinta, da matar da miji ya gudu ya bari da 'ya'ya, da majiyyacin da aka kwantar a asibiti babu mai jiyya, da yaron da aka kama da laifi alhali bai isa ɗauri ba. Rabin karatunsu a aji ake yinsa, rabin kuwa sai an tura ɗalibi gidan marayu ko asibiti ko kotun yara, ya zauna ƙarƙashin wani gwani yana kallon yadda ake yi. A Amurka, misali, hukumar da ke duba irin waɗannan makarantu ba ta yarda a ba ɗalibi digirin farko sai ya yi sa'a 400 a bakin aiki, na biyu kuma sa'a 900, da annoba ta zo sai ta sassauta zuwa kashi 85 cikin ɗari. Mu a nan ko sassautawar ba a samu ba. Malaman jami'a sun shiga yajin aiki tun daga Maris har Disamba, sauran makarantu kuma abin da malami mai himma ya iya shi ne ya tura wa ɗalibai takardu ta WhatsApp, galibinsu rubutun Amurka da Ingila. Watau an bar ɗalibi da littafin wata ƙasa a tafin hannunsa, da yunwar unguwarsu a ƙofar gida, babu gwani a tsakani.

To masu hali na unguwarsu a nan birnin Kano sun tara shinkafa da gero da sukari da man girki, aka kafa kwamiti, aka ce tun da shi ya san cika takarda, ya bi gida gida ya rubuta mabukata. Yana cikin bi sai ya iso wani gida a ƙarshen lungu inda 'yan daudu shida suke haya. Sana'arsu tuwo da soyayyar kaza a tasha, da girkin biki. Tasha an rufe, biki an hana, babbansu ya haura shekara sittin ga ciwon sukari. Ɗan kwamitin da ke rakiyarsa ya riƙe masa hannu ya ce wannan gida a tsallake shi, dukiyar Musulmi ba za ta shiga cikin mutanen da aka la'anta ba.

Ya ce mini, “Allah ya gafarta Malam, takardun da ake turo mana sun ce aikina in karɓi kowane mutum a kan abin da ya ce shi ne, in namiji ya ce shi mace ne in rubuta mace, har in tsaya masa a kan haka. Dattawan unguwa kuma sun ce in wuce kamar ban ga ƙofar ba. Na farkon addinina ya hana ni, na biyun zuciyata ta ƙi. Wanne zan bi?”

Ban ba shi amsa ran nan ba. Na ce ya dawo ranar cefane ta gaba, domin na ga a lokacin abin da ke bakina ra'ayi ne, shi kuwa hukunci ya zo nema.

Mu fara da maganar mutanen waje, mu yi musu adalci. Waɗanda suke kira masu sauya jinsi su ne mutanen da aka haifa maza suke jin kansu mata, ko aka haifa mata suke jin kansu maza, wasunsu su tsaya ga sutura da suna, wasu su kai ga shan magani da tiyata. Masu fafutukar haƙƙinsu sun ɗaure abubuwa biyu a ƙunshi ɗaya. Na ɗaya koke ne cewa ana dukansu, ana korarsu daga aiki, ana wulaƙanta su a asibiti. Wannan koke yana da gaskiya, annoba ma ta ƙara fito da shi. A watan Afrilu 2020 ƙasashen Panama da Peru sun raba ranakun fita, yau maza gobe mata, sai aka wayi gari akwai mutanen da in sun fito ranar maza a kore su, in sun fito ranar mata a kama su, alhali burodi suka fito saye. Peru ba ta yi mako biyu ba ta janye dokar. A Indiya da aka kulle ƙasa, mutanen da suke kira hijira, waɗanda abincinsu ke zuwa daga bara da rawar biki da ta suna, sun shiga irin halin da 'yan daudun lungun nan suka shiga, har gwamnati ta ware wa kowannensu rupi 1,500. A Amurka kuma ran 15 ga Yuni 2020 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar 1964 ta hana a kori mutum daga aiki don wannan dalili.

Abu na biyu a cikin ƙunshin da'awa ce, cewa zama namiji ko mace abu ne da mutum ke tabbatar wa kansa da furucinsa, sauran jama'a da hukuma kuma su bi. Wannan ita ce Musulmi ba zai iya sa mata hannu ba, domin a shari'armu gado da idda da waliccin aure da sahun salla da wankan gawa duk a kan halitta aka gina su. Kuskuren takardun yaron nan shi ne sun ce ba ka iya karɓar koken sai ka haɗa da da'awar. Kuskuren ɗan kwamiti kuma shi ne ya yarda da su a kan haka ba tare da ya sani ba, ya ga tun da ya ƙi da'awar to ya huta da koken.

Malamanmu na da ba su ji kunyar wannan babi ba. Sun fara da wanda suke kira hunsa, mu muke kira mata-maza, watau wanda aka haifa da alamomi biyu ko da alamar da ba ta fayyace ba. Tun a jahiliyya Larabawa sun san matsalarsa. Ibn Hisham ya kawo labarin Amiru ɗan Zaribi, alƙalin Larabawa, wanda aka kawo masa gadon mata-maza ya kwana yana juyi, har baiwarsa mai kiwon tumaki, Suhaila, ta nuna masa ya bi mafitar fitsari. Da Musulunci ya zo malaman fiƙihu suka faɗaɗa binciken. Duk wanda ya sauke Muhtasar na Shehu Halil ya san da wannan matsala littafin ya rufe: ana duba mafitar fitsari, da wadda ta riga, da wadda ta fi yawa, sa'an nan a jira balaga a ga gemu ko nono ko haila. In duk an duba abin bai warware ba, shi ne hunsa mushkil, a mazhabarmu ta Maliku yana cin rabin rabon namiji da rabin rabon mace. A ce mutum ya rasu ya bar ɗa namiji ɗaya da mata-maza ɗaya, dukiya naira 120,000. In an ƙaddara shi namiji yana da 60,000, in an ƙaddara shi mace yana da 40,000, sai a ba shi rabin kowanne, ya tashi da 50,000, ɗan'uwansa da 70,000. Ku duba fa, mutumin da a yau iyaye ke ɓoyewa a ƙuryar ɗaki, malaman ƙarni na takwas na Hijira sun zauna sun yi masa lissafi har kwabo, don kada a ci masa haƙƙi.

A nan dole in faɗi laifin kaina. Shekaru ina karantar da gado, in na iso wannan wuri sai yara su fara ƙunshe dariya, ni kuma in ce ba ya fitowa a jarrabawa, mu wuce. Yaron nan yana cikin waɗanda na wuce da su. Da ya je ya tarar da Bature ya rubuta shafi ɗari a kan abin da malaminsa ya tsallake, ai ba abin mamaki ba ne ya zaci addininsa bai san da matsalar ba.

Malaman zamani sun ɗora a kan wannan. A 1988 Muftin Masar na lokacin, Shehu Muhammad Sayyid Ɗanɗawi, ya ba da fatawa a kan wani ɗalibin likitanci na Jami'ar Azhar da aka yi wa tiyata, ya ce tiyata ta halatta in likita amintacce ya tabbatar akwai larura a halitta, ba ta halatta don sha'awa kawai ba. A 1989 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yanke cewa wanda gaɓoɓinsa suka cika namiji ko mace ba ya halatta ya sauya, mata-maza kuwa a yi masa magani a fito da ɓangaren da ya rinjaya. Iran ta bi wata hanya dabam tun fatawar Ayatullahi Khumaini ta shekarun 1980, ta halatta tiyatar fiye da yadda malaman Sunna suka yarda. Pakistan ta yi doka a 2018 ta ba mutum ikon zaɓen jinsinsa a katin shaida, a watan Mayu 2023 Kotun Shari'a ta Tarayya ta ƙasar ta ce wannan sashe ya saɓa wa Musulunci, amma ta tabbatar da haƙƙin mata-maza. Na kawo waɗannan ne don ɗalibi ya san duniyar Musulmi ta yi shekara fiye da talatin tana muhawara a kai da hujja.

Sai dai mutanen gidan nan shida ba mata-maza ba ne. Maza ne masu tafiya da magana da karairaya irin ta mata, wanda Larabawa ke kira muhannas. Ɗan kwamiti bai yi ƙarya ba da ya ambaci la'ana, domin Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas, Allah ya yarda da su, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Ba ni da ikon sassauta wannan, ba na kuma nema. Amma Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 676 bayan Hijira, a sharhinsa na Sahihu Muslim ya kasa muhannas gida biyu: wanda haka Allah ya halicci muryarsa da motsinsa bai ƙirƙira ba, wannan babu zargi babu zunubi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan, shi ne hadisin ya nufa. Wasu malamai sun ƙara da cewa na farkon ma ana umurtarsa ya yi ƙoƙarin bari a hankali gwargwadon ikonsa. To wa zai tsaya a bakin ƙofa da biro a hannu ya rarrabe wanne ne wanne cikin mutum shida? Sa'an nan malamai sun bambanta tsakanin la'antar aiki a dunƙule da la'antar wane ɗan wane. Buhari ya kawo labarin mutumin da aka yi ta kawowa ana yi masa bulala saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida masa da son Allah da Manzonsa.

Abin da ya yanke mini shakka kuwa na same shi ne a Sunan na Abu Dawuda, a daren da na zauna bincike. Akwai wani muhannas a Madina da ake kira Hitu, yana shiga ɗakunan matan Annabi domin ana ɗaukarsa cikin waɗanda ba su da bukatar mata. Wata rana, lokacin yaƙin Ɗa'ifa a shekara ta 8, Annabi ya ji shi a ɗakin Ummu Salama yana siffanta wa ɗan'uwanta Abdullahi jikin 'yar Gailana, siffantawar wanda ya san abin da maza ke kallo. Nan take ya hana shi shiga wurin mata. Wannan ɓangare kowane mai wa'azi ya haddace shi. Ɓangaren da ban taɓa jin an karanta a kan mumbari ba shi ne abin da ya biyo baya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an fitar da shi bayan gari, sai aka ce wa Annabi ai zai mutu da yunwa, Annabi ya yi masa izini ya riƙa shigowa sau biyu a mako ya nemi abinci ya koma. A wata ruwayar ta littafin kuma, wadda malamai suka yi magana a kan isnadinta, an kawo wani da lalle a hannu da ƙafa, aka kore shi zuwa Naƙi'u, da aka nemi a kashe shi Annabi ya ce an hana shi kashe masu salla.

Ku lura, wannan mutum ne da laifinsa ya tabbata a kunnen Annabi kansa, mai hukuncin kuma shi ne shugaban al'umma. Duk da haka hukuncin ya tsaya a kan shiga ɗakin mata da zama cikin gari, da maganar ciki ta taso sai aka buɗe ƙofa. In wanda aka yanke wa hukunci yana da ranakun abinci, ina ga wanda babu alƙalin da ya taɓa zama a kansa, aka kuma kulle shi a ɗaki da dokar gwamnati, ba shi da bayan garin da zai fita nema?

Na san abin da za a ce, domin an faɗa mini shi a fuska. Za a ce Suratul Ma'ida aya ta 2 ta hana taimakekeniya a kan saɓo, wanda ya ciyar da su ya ƙarfafa su. Amsa ita ce, taimako a kan saɓo shi ne ka ba da abin da ake yin saɓon da shi, ko ka ba da don a yi. Shi ya sa malamanmu suka ce mai saɓo matalauci ana ba shi zakka, sai in an yi zaton a cikin saɓon zai kashe ta. Mudun gero ba ya ƙara wa mutum karairaya, rashinsa kuma ban taɓa jin ya mayar da ɗan daudu sadauki ba. Abin da yunwa ke yi shi ne ta tura mai sayar da tuwo ya sayar da abin da ya fi tuwo muni. Kuma in za a bi wannan ma'auni da gaske, sai a soke sunan mai cin riba, da mai tauye mudu, da mai dukan matarsa, da mai yi da mutane, a ga ko takardar za ta cika shafi ɗaya. Suratul Insani aya ta 8 ta yabi masu ciyar da miskini da maraya da ribataccen yaƙi, masu tafsiri kuwa sun ce ribatattun wancan lokaci mushirikai ne da suka zo da takobi. Abu Yusufa a littafinsa na Haraji ya kawo yadda Sayyidina Umar ya ga tsohon Bayahude makaho yana bara, ya kama hannunsa ya kai shi gida, sa'an nan ya sa aka yanka masa rabo daga baitulmali.

Mazhabarmu ma ta fi haka tsanani. Shehu Halil ya lissafa, cikin abubuwan da ke jawo wa mutum lamuni, hana rarar abinci ko abin sha ga wanda ya matsu har ya halaka. Watau in tsohon nan mai ciwon sukari ya mutu da yunwa alhali buhuna na jibge a zauren kwamiti, tambayar da fiƙihu zai yi ita ce wa ya hana, kafin a zo ga yadda mamacin ke ɗaura zane.

Akwai kuma wani abu da ba fiƙihu ba ne, kunya ce kawai. Gidajen da suka ce a tsallake su, da yawansu in bikin 'yarsu ya tashi su ake kira su kwana a gindin murhu. Tuwonsu bai haramta ba ranar ɗaurin aure.

Da yaron ya dawo na ce masa, “Ɗana, rubuta su duka shida. A gurbin da aka ce namiji ko mace rubuta namiji, domin haka suke, ba kuma ka da izinin rubuta ƙarya don ka faranta wa littafi. Kada ka ƙara wata kalma a gefen sunansu, domin takardar mabukata aka ba ka, ba a ba ka ta masu laifi ba. Ka yi musu sallama in ka shiga, ka kira babbansu baba kamar yadda za ka kira sa'ansa. Abin da idonka ya gani a ɗakinsu amana ce, Suratul Hujurati aya ta 12 ta hana bin diddigin asirin mutane tun kafin malamanka na boko su sa shi cikin ƙa'idar aiki. In wata rana ɗayansu ya tambaye ka hukuncin halin da yake ciki, faɗa masa gaskiya da taushi, ko ka kawo shi wurina. Amma kada ka sa wa'azi ya zama kuɗin shinkafa.”

Ya ce, “To Malam, in aka ce in tsaya musu fa?” Na ce ya danganta da abin da za a tsaya a kai. In an doke su, ko an ƙona musu rumfa, ko ma'aikacin asibiti ya ƙi duba su, ko mai gida ya watsar musu da kaya ba bisa ƙa'ida ba, tsaya musu wajibi ne, Suratul Ma'ida aya ta 8 ta ce ƙin mutane kada ya kai mu ga barin adalci. In akwai laifin da shari'a ta hukunta, wannan na alƙali ne da shaidu, taron yara masu duwatsu ba kotu ba ne. In kuwa tsayawar ita ce ka ce furuci yana mayar da namiji mace, a nan ka ce a'a a sarari, ka kuma ci gaba da kai musu geronsu.

A ƙarshen 2022 aka sa hannu a kan dokar kafa majalisar da za ta kula da wannan sana'a a Nijeriya, da rajistar ma'aikatanta da tsarin karatunsu. Roƙona ga masu tsara manhaja a jihohinmu shi ne su zauna da malaman fiƙihu a kan wannan babi musamman, a haɗa da likitoci, domin ma'aikacin da ke zuwa ƙauye shi ne zai fara cin karo da uwar da ta haifi mata-maza ta rasa wanda za ta faɗa wa, ya kamata ya san akwai asibitin koyarwa da za a kai, ya kuma san addini bai hana ba. Mu kuma malaman Larabci mu daina cewa ba ya fitowa a jarrabawa.

Yaron ya rubuta sunayen. A zaman kwamiti aka yi gardama, ɗan rakiyar nan ya ja layi a kansu. Mai unguwa, dattijo ne da bai yi zurfi a karatu ba, ya saurari kowa, sa'an nan ya tambaya ko mutanen suna azumi. Aka ce ana ganin hayaƙinsu da asuba. Ya ce a mayar da sunayen, in babu mai kai musu shi zai aika jikansa. Haka aka yi.

Makonnin nan su ne na yawan mace-mace a Kano, waɗanda daga baya Ministan Kiwon Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya mutum 979, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari kuma ana jin korona ce sanadinsu. Kafin salla tsohon nan ya rasu. Yaron ya bugo mini waya da hantsi, ya ce an rasa mai wanka, limamin lungu kuma ya ce shi ba zai ja sallar ba. Limamin yana da abin kamawa, domin littattafanmu sun karhanta wa mai daraja ya sallaci mai bayyana babban saɓo, don tsawatarwa ga masu rai. Amma littattafan nan dai sun ce sallar kanta farilla ce a kan jama'a, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ba zan ɓoye ba, na yi kusan rabin sa'a a zaune da hulata a hannu ina tunanin abin da za a ce gobe a makaranta. Daga baya na sa takunkumi na fita. Ladan da yaron ne suka yi wankan, ni na ja sallar, mu goma sha ɗaya har da abokan zamansa biyar, kowa da tazara tsakaninsa da na kusa da shi. Ranar rabon kayan salla yaron ya nuna mini takardar, ya rubuta “ya rasu” a gaban suna na farko, sauran biyar kuma kowanne ya dangwala yatsa a gaban nasa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba tambayar da wata baiwar Allah ta aiko daga Gusau a kan zakkar kuɗin da aka ba da bashi shekara uku ba a biya ba. Wassalamu alaikum.